Lambun Tsakar Gida a Abijan: Abin Shukawa da Abin Gudu

Ya ku manoman auduga, in an gama cin kasuwar auduga da yawa daga cikinku sukan tafi cin rani Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa. Waɗansu ma sun kai iyali, suna zaune a Ajame ko Tireshbil. A can kome na miya saye ake yi, har ganyen da a gida yara ke tsinkowa bayan gari. Wannan takarda za ta nuna muku yadda mutum zai sami ganyen miya a tsakar gidan haya, da yadda zai rarrabe ganyen ci da mai dafi.

Ƙasar can ba irin tamu ba ce

Abijan tana bakin teku. Ruwan saman da ake yi a can kusan milimita 1,800 ne a shekara, watau ya ninka na Kano sau 2, na Maraɗi kuwa fiye da sau 3. Damina biyu gare su. Babba tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ruwa ya fi ƙarfi cikin Yuni. Ƙarama kuwa cikin Oktoba da Nuwamba take. Ƙasar jigawa ce, ruwa yakan wanke takinta da wuri. Tireshbil kuma bisa tsibiri take, ruwan da ya kewaye ta yana da gishiri.

Saboda wannan laima albasa ba ta yin kai sosai a can. Shi ya sa ake ɗauko ta da mota tun daga Galmi da Madawa na ƙasar Nijar. Tumatir ma yakan yi yaushi ya mutu kwatsam. To, kada ka ɓata irinka a kansu. Ganye shi ne ke son ƙasar.

Abin da za ka shuka

1. Alayyaho. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai ka gauraya shi da rairayi kafin ka yafa. Bayan mako 3 ko 4 za ka fara yanka.

2. Lalo. Mutanen can suna kiransa kplala. Irinsa yana da taurin ɓawo. Ka ƙulle shi a tsumma, ka tsoma cikin ruwan zafi, ka fid da nan da nan, ya sha iska, sa'an nan ka shuka.

3. Yakuwa. A kasuwa ka tambayi ganyen da, haka Jula ke ce mata.

4. Kuɓewa. Ƙwaya 3 a rami, in sun tsiro ka bar ɗaya mai ƙarfi. Wajen wata 2 za ta fara 'ya'ya.

5. Dankali. Yanke reshensa za ka yi ka dasa. Ganyensa miya ne mai kyau, can ana cinsa ƙwarai.

6. Zogale. Ka kafa reshe ko ka shuka ƙwaya. In ya kai ƙirjin mutum ka datse kansa domin ya yi rassa, hannu kuma ya riƙa kai wa ganye.

Yadda za ka shirya wuri

Gidajen haya na Ajame tsakar gida ɗaya ce ga mutane da yawa, galibi kuma an dafe ta da siminti. Saboda haka ka fara neman yardar mai gida da ta maƙwabta. Sa'an nan ka nemi tsohon daro, ko bokiti, ko buhun shinkafa. Lalle ka huda gindinsa domin ruwa ya tsiyaye. Ka zuba tsakuwa kaɗan a ƙasa. Ka cika da ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, sai ya kwana biyu ya huce tukuna. Ka ɗora daron bisa bulo inda rana ke samunsa rabin yini, nesa da indararo.

Ka yi ban ruwa da na famfo ko na sama. Kada ka ɗebi na kwata, gama yana ɗauke da ciwon amai da gudawa da zazzaɓin hanji. In ka tara ruwan sama ka rufe tulun, don a buɗaɗɗen ruwa sauro ke ƙyanƙyasa. A 2017 da 2019 an yi annobar zazzaɓin dengi a Abijan, sauro ne kuwa ke yaɗa shi.

Maganin auduga ba na lambu ba ne

Wannan ita ce babbar magana. Maganin feshin auduga an yi shi ne da ƙarfi domin ba a cin auduga. Alayyaho kuwa yau a yanka, yau a ci. A kakar auduga ta 1999 zuwa 2000, a arewacin ƙasar Benin, mutane fiye da 30 suka mutu saboda wani maganin auduga mai suna endosulfan. Da yawansu abincin da maganin ya taɓa suka ci. A 2011 ƙasashen duniya suka yarda a hana shi.

Saboda haka kada ka ɗauki ragowar maganin gona ka tafi da shi birni. Kada ka shuka kome cikin galan ɗinsa, kada kuma ka zuba ruwan sha ko mai a ciki, ko an wanke. In tsutsa ta kama ganye ka tsince ta da hannu da sassafe. Toka ma tana taimako, haka kuma ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka tace.

San ganye kafin ka ci

Tafasa da rai ɗore sun yi kama, har furensu duka rawaya ne. Ga bambancinsu. Tafasa ƙananan ganye 6 gare ta a kara ɗaya, bakinsu a kewaye, kwanson 'ya'yanta siriri ne mai lanƙwasa kamar lauje. Rai ɗore ganyensa sun fi yawa, bakinsu da tsini, kwansonsa kuma da faɗi. Ɗanyun 'ya'yansa suna cutar yara da dabbobi.

Zaƙami dangin gauta ne, amma dafi ne tun daga saiwa har fure. Za ka gane shi da farin fure mai kamar kakaki, da 'ya'ya masu ƙaya. Bini da zugu da zurma akan same su a shinge da kufai. Yara sukan ɗauki 'ya'yansu kamar gyaɗa. Bini da zugu yana sa amai da zawo, zurma kuwa tana iya kisa. In yaro ya ci, a kai shi asibiti nan da nan, a tafi da reshen abin da ya ci.

Rogo iri biyu ne, mai daɗi da mai ɗaci. Matan can da ke yin acake sai sun gurza rogo, ya kwana ya yi tsami, sun matse, sun turara, kafin a ci. Ganyen rogo ma sai an daka an dafa shi sosai, tukunya a buɗe.

Akwai kuma wata ciyawa mai ƙarfin wari da ta cika saurukan kudu, mutanen ƙasar suna ce mata Seku Ture. Asalinta daga Amurka ne. Ba ta miya ba ce, tana kuma danne shuka, sai a tuge ta tun ba ta yi fure ba.

Ganyen da ba ka sani ba, ka kai shi wurin matan Guro masu sayar da kayan miya a kasuwar Ajame, su suka san na ƙasarsu. A jami'ar Kokodi kuma akwai lambun da shehun malami Laurent Aké Assi ya kafa domin tattara tsire-tsiren ƙasar. Ya rasu a 2014.

In ka koma gida

Kuɓewa da rama da yakuwa dangin auduga ne, dubi furensu za ka gani. Tsutsar da ke huda ƙwallon auduga da jan ƙwaron da ke ɓata farinta suna rayuwa a kansu. In ka tuge karan auduga ka ƙone bayan girbi, amma ka bar tsohuwar kuɓewa a gefen gona, ka ajiye wa ƙwari abincin rani ke nan. Ka tuge su tare. Irin da ka zo da shi daga Abijan kuwa, ka nuna wa malamin gona kafin ka shuka kusa da auduga.