Laftof ko Tabilet: Lissafin Ɗalibin Birnin Zazzau Kafin Ya Yi Musaya

Ɗalibin da gidansu ke cikin ganuwa, a Kwarbai ko Limancin Kona ko Unguwar Juma, karatunsa kuma yake Samaru, ya san nauyin jaka. Zai fito ya hau acaɓa zuwa Ƙofar Doka, ya matsa a bas ta Tudun Wada da Kwangila, ga laftof mai kilo biyu a baya, ga caja mai kan bulo, ga fargabar kada a danne masa gilashi a cinkoso. Yana isa aji ya tarar soket ɗaya ke aiki, mutum shida sun riga shi. Can gefe wata ta fito da tabilet siriri kamar littafin rubutu, tana bin handawut da yatsa, batirinta ko rabi bai ci ba. To, mai zuciya ai sai ya fara lissafi: in kai tawa shagunan PZ a yi mini musaya mana?

Tambayar ta yawaita tsakanin 'yan Jami'ar Ahmadu Bello, da na Kwalejin Nuhu Bamalli, da na tsohuwar FCE ta Zariya. Masu tunanin ba shashashai ba ne, hujjarsu mai ƙarfi ce, kuma farkonta wuta.

Batirin laftof ɗin da ɗalibai suka fi riƙewa yakan ɗauki ƙarfin lantarki tsakanin wat-awa 40 zuwa 60 yana sabo. Na tabilet bai kai haka ba, galibi 25 zuwa 40 ne. Amma ba girman batiri ke kai mutum yamma ba, yawan ci ne. Ƙwaƙwalwar da ke cikin tabilet 'yar gidan su ta waya ce, ƙirar ARM, wadda tun asali aka tsara ta don tattalin wuta. Ta tsofaffin laftof, ƙirar Intel ko AMD, an yi ta ne don ƙarfin aiki, tana zafi, sai an haɗa ta da fanka, fankar ma wuta take sha. Shi ya sa cajar laftof ke neman wat 45 zuwa 65, ta tabilet kuwa 10 zuwa 20 sun ishe ta. Fawabankin nan mai lamba 20,000 da ake gani a hannun kowa yana ɗauke da wajen wat-awa 74. Ko an cire abin da ke salwanta a hanya, zai cika tabilet tsaf har ya rage na waya. Tsohuwar laftof mai caja mai zagayayyen baki kuwa ba ta ma san da zamansa ba, don ita bolt 19 ko kusa da haka take so. Sai sababbi masu ramin USB-C ne ake iya ciyarwa ta fawabanki, shi ma sai mai tsada.

Wanda ya zauna a Arewa a watan Oktoban 2024 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Manyan layukan da ke kawo wuta suka samu matsala, aka kwashe kwanaki a duhu daga Kaduna har Kano, masu cajin waya da janareta suka zama sarakunan unguwa. A irin wannan rana mai tabilet da ƙaramin faifan sola yana karatunsa, mai laftof yana kallon baƙin gilashi. Ko ba a irin wannan babban duhu ba, gidan cikin birni mai ɗakuna da yawa da mita ɗaya ba wurin da ɗalibi zai dogara da soket ba ne. Ga kuma ƙurar hunturu da fanka ke zuƙa ta cusa cikin na'ura, ga zafin Maris da Afrilu da ke tsufar da batiri tun bai tsufa ba. Tabilet ba shi da fanka, ƙura ba ta da ƙofar shiga sosai.

Sai karatu shi kansa. Yawancin abin da ɗalibin aji ɗaya da aji biyu ke yi karantawa ne: handawut da ake turowa a zauren WhatsApp na aji, littattafan PDF, tsofaffin tambayoyin jarrabawa, bidiyon darasi. A nan tabilet ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Ana riƙe shi a tsaye kamar shafi, a kishingiɗa da shi a tabarma, a ja layi a ƙarƙashin jimla. Ɗalibin Shari'a a Kongo da ke fama da hukunce-hukunce masu shafi ɗari, ko na likitanci da ke zagayen marasa lafiya a Shika yana son duba hoton wata gaɓa a tsaye, duk za su gode masa. Ɗalibin Larabci ko Nazarin Addinin Musulunci, wanda da asuba yana zaure gaban malam da rana yana lacca, shi ma ya samu abokin tafiya: taɓawa ɗaya allon rubutu ya koma Larabci, ga manhajar Maktaba Shamila da dubban littattafai a ciki. Haka masu nazarin Hausa. Haruffan nan masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna nan a allon rubutun Gboard ba wahala, alhali a laftof sai an shiga an saita, da yawa ma ba su san ana saitawa ba, sai su riƙa kwafo harafi ɗaya-ɗaya daga wani tsohon fayil.

Duk wannan gaskiya ne. Duk da haka, idan ƙanena ne ya zo da shawarar, zan ce masa ya mayar da laftof ɗinsa jaka.

Dalili shi ne jami'a ba karantawa kaɗai ba ce, akwai ranar da za a ce kai ma ka samar. Ranar tana zuwa wa kowa a shekarar ƙarshe, lokacin furojet. Babi biyar, shafi sittin ko tamanin, shafukan farko da lambar Romawa sauran da lambar da aka saba, jadawalin abin da ke ciki, teburori, jerin manazarta bisa tsarin da sashe ya gindaya. Manhajar Word da ke kan Android ko iPad sunanta dai Word, amma ragaggiya ce. Wasu abubuwan tsara shafi babu su, wasu an ɓoye su, kuma idan fuskar na'urar ta wuce inci 10.1 kamfanin Microsoft na neman a biya kuɗin rajista kafin a yi gyara a ciki. Manhajojin da ke jera manazarta kai tsaye cikin rubutu, irin su Zotero, galibi da Word na kwamfuta suke ɗasawa. Sai ka gama tsara aiki a tabilet ya yi kyau, ka kai shagon buga takardu a Samaru, a buɗe a kwamfutarsu, tebur ya tsallake shafi, kan babi ya sauko tsakiya. Malamin da ke duba aikin kuma ba ruwansa da wace na'ura ka yi amfani da ita. Jan biro zai sa ya ce a sake.

Wannan ma ga wanda aikinsa rubutu ne zalla ke nan. Ɗalibin Tsara Gine-gine ko Injiniya ba sai ya kai aji huɗu ba, tun da wuri zai haɗu da AutoCAD da Revit da MATLAB. Na Aikin Gona, da na Tattalin Arziki, da na Ilimi, da na Zamantakewa, duk SPSS na jiran su a babi na huɗu, inda za a zuba amsoshin takardun tambaya a fitar da alƙaluma. Na Kimiyyar Kwamfuta kuwa ba a ma magana. Waɗannan manhajoji an gina su ne don kwamfuta sosai. Wasunsu suna da 'yan ƙanne a tabilet da ke iya buɗe zane a duba, ko su yi aiki ta intanet, amma wannan na nufin data mai yawa da sabis mai ƙarfi, abubuwa biyu da ba a yi wa kowa alkawarinsu ba a lungunan birni. Wanda ya sayar da laftof ya sayi tabilet a irin waɗannan sassa ya yi kamar manomin da ya sayar da shanun huɗa ya sayi dokin hawan Sallah: za a kalle shi a Ƙofar Fada, amma damina na nan tafe.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, manyan makarantu da dama sun bi sahu a darussan da ke da cunkoso, ɗaukar aiki ma yanzu sau da yawa ta nan ake farawa. A zauren jarrabawa ba gilashi ake shafawa ba, madannai ne da linzami. Muna da matasa da za su rubuta saƙon shafi guda da babban yatsa cikin minti biyu, amma a zaunar da su gaban madannai sai su koma farautar harafi da yatsa ɗaya. Ofis ɗin da zai ɗauke su bayan hidimar ƙasa Excel zai tambaya. Shekara huɗu da laftof a hannu, ko mutum bai yi niyya ba, hannunsa zai faɗa. Wannan riba ce da ba ta cikin manhajar karatu, kuma mai tabilet yana yin asararta bai sani ba.

Za a ce ai ana sayar wa tabilet madannai. Ana sayarwa. Sai a ƙara da alƙalaminsa, da linzami, da ɗan abin da za a soka filasha, da murfi. Kafin a gama an kashe kuɗin laftof, an kuma dawo da nauyin da aka gudu, a kan na'urar da har yanzu ba ta buɗe SPSS. Kuma tabilet ɗin da ke burge mutane, iPad ko manyan Samsung Galaxy Tab, ba shi ne ake samu a musaya ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Tsohuwar laftof ɗin ɗalibi, idan mai shago ya yi mata kuɗi, abin da za ta sayo shi ne ƙaramin tabilet mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 2 ko 3, wanda shafi biyar na intanet ke sa shi haki, kamfaninsa kuma zai daina aiko masa sabuntawa ba da jimawa ba. A gaskiya irin wannan babbar waya ce kawai, ɗalibin kuwa yana da waya a aljihu. Ya ba da abin da ba shi da madadinsa, ya karɓi na biyun abin da yake da shi.

Gwamnatoci ma sun taɓa faɗawa cikin wannan kwaɗayi. Indiya ta fito da Aakash a 2011 a matsayin tabilet mai arha don ɗalibai, Jihar Osun ta raba Opon Imo ga 'yan sakandare a 2013. Dukansu an fi yin su ne don karatu, ba don aiki mai nauyi ba.

Gyara ma abin dubawa ne. HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda ake kira na Beljiyam ko na Landan, an yi su ne don ofisoshi, an kuma shigo da su da yawan da kayan gyaransu ba sa wuya. Madannai ya mutu a sauya, gilashi ya fashe a sauya, abin da babu a PZ a aiko daga Kano ko Legas. Tabilet kuwa a manne yake da gam, gilashi da batiri da komai. Faɗuwa ɗaya daga kan acaɓa, kuɗin gyara ya tasam ma kuɗin saye, in ma an samu gilashin. Ga shi da farin jini wurin masu fizge, don yana shiga riga.

Idan aka zauna da masu son musayar aka bi koke-kokensu, yawanci biyu ne: ba ta riƙe caji, kuma tana da nawa. Duka biyun suna da magani mai arha fiye da musaya. Batirin lithium yana da adadin caji da zai yi kafin ya gaji, 'yan ɗaruruwa ne, kuma laftof ɗin da ta yi shekaru a wani ofis kafin ta iso Zariya ta riga ta cinye yawancinsu. Sabon batiri mai kyau yana mayar da ita awa uku ko huɗu. Nawar kuma galibi daga tsohon faifan ajiya ne mai juyawa. A cire shi a sa SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa, a ƙara ƙwaƙwalwar aiki ta kai gigabait 8, a buɗe a kakkaɓe ƙurar fanka bayan hunturu. Na'urar da ke ɗaukar minti uku kafin ta farka sai ta tashi cikin daƙiƙoƙi, ta kuma rage cin wuta. Abu ɗaya da za a lura da shi: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana neman ƙwaƙwalwar Intel zubi na takwas zuwa sama. Tsohuwar ba za ta mutu don haka ba, za ta kai mai ita ƙarshen furojet, amma wanda zai sayi ta hannu yanzu ya tambayi zubin kafin ya tambayi farashi.

Wanda Allah ya hore wa, ko wani kawu ya dawo daga Umara da tsaraba, ya riƙe biyun: tabilet ya bi shi aji, laftof ta zauna a ɗaki tana jiran dare. Wanda bai da ko ɗaya, yana aji ɗaya a sashen da karatu ya rinjayi aiki, ba laifi ya fara da tabilet, muddin ya san kafin aji uku sai ya nemi kwamfuta, ko ya shirya zaman layi a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da biyan masu buga takardu shafi-shafi. In kuwa iPad na hannu zai saya, kada kuɗi ya bar aljihunsa sai mai shago ya goge shi tas a gabansa an shiga da sabon asusu, don wanda ke ɗaure da iCloud ɗin wani ba mai gyaran da zai kwance masa shi ta hanyar halal.