Noma Da Kiwo A Gombe: Inda Ribar Manomi Take Maƙalewa

GOMBE — A unguwar Tudun Wada da ke cikin birnin Gombe, kamar yadda yake a sauran unguwannin garin, da wuya a sami layin da babu gidan manomi, ko da yake gonakin nasu sun yi nisa da gari. Tun daga ranar 1 ga watan Oktoba, 1996, da aka cire Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauci, gine-gine suka yi ta cinye filayen da ke bakin gari, har ta kai ga ma'aikacin gwamnati ko malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ke zaune a wannan unguwa, sai ya nausa ƙasar Akko ko Kwami ko Yamaltu-Deba kafin ya sami inda zai yi shuka.

Irin wannan manomi ba ya yin komi da ƙarfin damtsensa. Hayar gona da kuɗi, huɗa da kuɗi, noman fari da maimai da kuɗi, haka kuma girbi da sussuka da motar da za ta kawo amfanin gida. Saboda haka nomansa ciniki ne mai jari, kuma kamar kowane ciniki yana iya cin uwar kuɗi ba tare da mai shi ya farga ba. Da yawa daga cikinsu, in aka tambaye su yadda damina ta kasance, da yawan buhunan da suka samu za su ba da amsa. Ƙalilan ne za su iya faɗin abin da kowane buhu ya ci kafin ya shiga sito.

Ba haka lamarin ya faro ba. A zamanin da auduga take tashe a ƙasar Gombe, musamman bayan da aka kafa injin gurzarta a shekarun 1950, kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso garin a cikin shekarar 1963, hukumar ciniki ce take yanka farashi ta kuma sayi duk abin da aka kawo ma'auna. Farashin bai taka kara ya karya ba, manoma sun sha yin kuka da shi, amma kowa ya san wanda zai saya, da nawa zai saya, da kuma watan da kuɗi za su shigo hannu. Baturiyar nan mai bincike, Mary Tiffen, wadda ta wallafa littafi a 1976 a kan bunƙasar tattalin arzikin masarautar Gombe, ta nuna yadda manoman yankin suka riƙa juya kuɗin auduga suna sayen garma da shanun huɗa suna faɗaɗa gonaki.

Abubuwa biyu ne suka sake wannan tsari. Na farko shi ne Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Gombe, wanda aka soma a tsakiyar shekarun 1970 da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Funtuwa da Gusau. Shirin ya yaɗa ingantaccen irin masara da takin zamani mai rangwame, har masara ta zama amfanin sayarwa. Na biyu kuwa shi ne rushe hukumomin cinikin amfanin gona da Gwamnatin Tarayya ta yi a 1986, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. Da aka haɗa biyun, sai manomi ya wayi gari yana noma abin da ya fi cin jari, a daidai lokacin da babu sauran mai yi masa alkawarin farashi.

Lissafin hekta ɗaya ta masara ya isa ya bayyana matsalar. Abin da malaman gona suka saba ba da shawara a wannan yanki shi ne kimanin buhu 8 na takin NPK da buhu 3 na yuriya, wato buhu 11 masu nauyin kilo 50. A ɗauka cewa ruwa ya yi kyau, iri ma mai kyau ne, aka sami buhu 40 na masara masu kilo 100. Idan kuɗin buhun masara guda yana sayen buhun taki biyu, to taki bai ci buhu 6 cikakku ba. Idan kuwa kasuwa ta juya, ya zama sai an sayar da buhun masara guda kafin a sayi na taki guda, to buhu 11 sun tafi. A cire 4 na zakka, tun da ɗaya bisa goma ake fitarwa daga abin da ruwan sama ya shayar, sa'an nan a cire na haya da huɗa da iri da maganin ciyawa da 'yan ƙwadago da buhunan zuba da mota. Wannan fa a shekara mai albarka ke nan. A shekarar da ruwa ya ɗauke masara tana fitar da gemu, aka tashi da buhu 20, wanda shi ne kusan matsakaicin abin da hekta take bayarwa a Nijeriya, kuɗin takin yana nan yadda yake, ba ya raguwa da ko kwabo.

Dalili ke nan da ya sa masana suke ganin ya fi amfani manomi ya riƙa auna tsadar taki da buhun hatsi maimakon Naira, musamman tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, waɗanda suka sa lissafin bara ba ya yi wa bana amfani.

Akwai kuma kuɗaɗen da ba su cika shiga lissafi ba sam. Man da aka ƙona ana zirga-zirga tsakanin Tudun Wada da gona kowane ƙarshen mako, da abincin 'yan ƙwadago, da ladan mai gadin gona, da buhunan da aka ci a gida ko aka raba wa dangi, duk daga jikin gonar suke fita. Ga ma'aikacin gwamnati abin ya fi ɓuya, domin albashi yana toshe kowace kafa a hankali: wannan wata a ɗiba a biya masu noma, wata mai zuwa a ɗiba a sayi yuriya. In kaka ta yi ya ga sito cike sai ransa ya yi fari, alhali kuwa wataƙila albashin wata huɗu ne ya koma buhuna, ba tare da ya haifi komi ba.

Sai dai babbar matsalar ita ce ta lokaci. Kuɗi suna fita ne daga watan Mayu zuwa Agusta, ba sa dawowa sai Oktoba ko Nuwamba, sa'ad da kowa ya girbe, motoci suka cika kasuwar Tudun Hatsi, farashi ya yi ƙasa. A daidai wannan lokaci ne mai bin bashi yake sallama a ƙofar gida, ga kuɗin makarantar yara, ga bukukuwan da aka ɗage sai bayan kaka. Manomi ya sayar a kan tilas, mai jari ya saya ya kulle a sito, ya jira bazara ko tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Sau da yawa ratar da ke tsakanin farashin kaka da na damina ta fi duk ribar da wanda ya yi noman ya samu, kuma ba abin mamaki ba ne a ga manomi yana awon masara da tsada a watan Yuli, irin wadda ya sayar da araha a watan Nuwamba.

Ajiya ita ma ba kyauta take ba. Akwai hayar sito, da ɓarnar ɓeraye da ƙwari, da raguwar nauyi in hatsi ya ƙara bushewa. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta soma yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, ya rage asarar wake ƙwarai, domin yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da an zuba magani ba. Amma babu buhun da yake tsare mutum daga juyin kasuwa. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na tsawon kwana 150, kuma a cikin 2025 farashin hatsi ya sauko a kasuwannin Arewa, har waɗanda suka sayi kaya da tsada suka ɓoye suka tafka asara. Wanda ya san abin da buhunsa ya ci, shi ne kaɗai zai iya sanin ranar da ya kamata ya buɗe sito, kuma irinsa ne yakan raba kayan kashi-kashi, ya sayar da na biyan bashi da wuri, ya riƙe saura.

Game da rance kuwa, ba a rasa hukumomi ba. An kafa Bankin Manoma a farkon shekarun 1970 da hedkwata a Kaduna. An kafa Asusun Lamunin Bashin Noma bisa doka ta 20 ta 1977, wanda yake ɗaukar nauyin biyan banki har kashi 75 cikin 100 na abin da manomi ya kasa biya. An soma shirin inshorar aikin gona a 1987. Abin da ya hana ruwa gudu shi ne jingina: bankuna suna neman takardar mallakar ƙasa irin wadda dokar 1978 ta tanada, yawancin gonaki kuwa na gado ne ko na haya, ba su da ita. In ma an dace, sau da yawa kuɗin ba sa fitowa sai shuka ta wuce gwiwa, kuma rancen noma da ya zo a watan Agusta ya fi kusa da zama kuɗin cefane.

Shirin Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ya yi ƙoƙarin kauce wa wannan ta hanyar ba da iri da taki maimakon tsabar kuɗi, bisa kuɗin ruwa kashi 9 cikin 100, a biya da amfanin gona. Babban Bankin Nijeriya ya zuba fiye da Naira tiriliyan ɗaya a cikinsa, amma biya ya yi wuya, wasu sun ɗauke shi rabon gwamnati, kuma daga ƙarshen 2023 sabbin shugabannin bankin suka janye daga irin wannan tallafi. Har ila yau akwai manoma masu yawa da ba sa kusantar bashin da ke da ruwa saboda addini. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, waɗanda Jaiz ya zama na farkonsu a 2012, suna da hanyoyin da shari'a ta amince da su, kamar su sayi taki su sayar wa manomi bisa ribar da aka yi yarjejeniya a kanta, sai dai su ma suna neman shaidar shige da ficen kuɗi a rubuce. Wanda ba shi da ita sai ya koma ga adashi, ko ga ɗan kasuwar da zai ba shi kuɗi a watan Yuni ya karɓi buhu a kaka bisa farashin da shi ya yanka, wanda in an lissafa yakan fi kowane banki tsada.

A nan ne kiwo yake shigowa, kuma manoman Gombe sun daɗe da gane haka. Bijiman huɗa suna da wata siffa da tarakta ba ta da ita: tarakta tana tsufa darajarta tana raguwa, su kuwa ana sayensu ƙanana, su yi damina biyu ko uku suna huɗa a gonar mai su da ta haya, su ja amalanke, su ba da taki, sa'an nan a turke su a sayar fiye da yadda aka saya. Tumaki da awaki kuma su ne asusun gaggawa na gida, waɗanda ake kai wa kasuwa in rashin lafiya ta taso, don kada a taɓa sito kafin lokaci.

Amma kiwon turka yana da nasa lissafin, kuma abinci ne yake cinye mafi yawan abin da ake kashewa bayan kuɗin sayen dabbar. Wanda ya tara harawar wake da ta gyada da kara daga gonarsa tun kaka, ya sayi dusa da angurya lokacin da suke araha, yana iya fita da riba bayan wata uku ko huɗu. Wanda yake sayen harawa ɗauri-ɗauri a cikin gari a watan Afrilu, sau da yawa dabbar ce take cin ribar tun kafin dillali ya karɓi la'adarsa. Ga kuma cuta da sata, waɗanda kan share jarin shekara a dare ɗaya, abin da ya sa kuɗin allurar rigakafi ya cancanci gurbinsa a littafin lissafi.

Littafin da malaman gona suke nufi ba wani abu ne mai wuya ba. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, kowace gona da shafinta, garke ma da nasa, a rubuta rana da abin da aka kashe da abin da aka samu, a sa wa buhun da aka ci a gida farashinsa na kasuwa, kuma duk abin da aka ɗiba daga albashi ko shago a rubuta shi a matsayin bashin da ake bin gona.

A 'yan shekarun nan kalanda ta taimaki masu haɗa noma da kiwo. Babbar Salla ta faɗo a ranar 16 ga watan Yuni a 2024, da ranar 6 ga watan Yuni a 2025, wato kuɗin ragunan layya sun shigo hannu a daidai makonnin da ake neman na huɗa da taki. Da yake Sallar tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, nan da 2030 za ta koma tsakiyar watan Afrilu, kuma mai turka zai riƙe kuɗin ragunansa kusan wata biyu kafin ruwan shuka ya sauka.