2,147,483,647: Lambar da Ke Iya Rusa Maka Furojet

Biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da 'yan kai. Da ka gan ta sai ka ɗauka wani ne ya danna kalkuleta barkatai, amma masana lissafi sun fi shekara 250 da sanin ta, kuma ya kamata duk mai rubuta manhaja ya haddace ta.

Ga yadda ake samun ta: ka jera 2 guda 31, ka yi ta ninkawa (2×2×2…), sannan ka cire 1. Lambobin da ake samu ta wannan hanya ana kiran su lambobin Mersenne, sunan wani malamin coci ɗan Faransa da ya rasu a 1648. Wasunsu ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, kamar 3, 7, 31 da 127. Amma fa ba duka ba: 2,047 daga wannan gidan take, alhali 23×89 ce. Tamu kuwa ba ta rabuwa ko kaɗan, ita ce ta takwas a jerin marasa rabuwa na wannan dangi. Leonhard Euler ne ya tabbatar da haka a 1772, da alƙalami da takarda kawai.

To, me ya haɗa ta da kwamfuta? Manhajoji da yawa suna ajiye lamba a gurbi 32, kowane gurbi 0 ne ko 1. Gurbi ɗaya na nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa. Idan sauran 31 suka cika da 1, ka iso 2,147,483,647. Ka ƙara 1 kacal, sai lissafi ya kife zuwa −2,147,483,648, galibi ba tare da wani gargaɗi ba.

Wannan ba labarin aji ba ne kawai. A 2015 hukumar jiragen saman Amurka ta yi gargaɗi cewa Boeing 787 na iya rasa lantarki idan na'urorinsa suka yi kwana 248 a kunne, saboda ma'aunin lokacinsu zai cika. Haka kuma tsarin Unix yana ƙirga daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairu 1970. Na'urorin da ke kan gurbi 32 za su ƙure ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya, su koma Disamba 1901.

Yanzu mu dawo kanmu, 'yan ajin ƙarshe. Idan furojet ɗinka na biyan kuɗin makaranta ne ko na adashe, kuma kana ajiye kuɗi a kwabo, iyakarka naira 21,474,836.47. Kuɗin rajistar ɗalibai 500 a kan dubu 50 kowanne ya riga ya wuce nan. Maganin ba wuya: ka yi amfani da gurbi 64, sannan ka gwada manhajar da manyan lambobi tun kafin ranar kare furojet, kada malami ya riga ka ganowa.