Inabi a Bakin Hamada: Mutanen Osoyoos da Ƙasar Kakanninsu

Duk wanda ya ji sunan Kanada, ƙanƙara ce ke fara faɗo masa a rai. Amma a kudancin lardin British Columbia, dab da iyakar Amurka, akwai kwarin Okanagan, inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba, rana kuma ke ƙuna kamar ta bazararmu. Nan ne mazaunin al'ummar Osoyoos, reshen ƙabilar Syilx, waɗanda ke wurin tun kafin Bature ya san hanyar.

Abin da gwamnati ta keɓe musu wajen eka 32,000 ne, akasari tudu da faƙo. Fadamar bakin kogi, wadda ta fi albarka, ta suɓuce musu tun a ƙarni na 19. Doka kuma ba ta barin banki ya karɓi irin wannan keɓaɓɓen fili jingina. Ga ƙasa, babu jari. A 1968 suka fara dashen inabi a gonar Inkameep, suna sayar wa masu sarrafa shi. Su ne da gumi, wasu ne da tsokar riba. Sai a 2002, a zamanin shugabansu Clarence Louie, suka haɗa gwiwa da kamfanin Vincor suka buɗe Nk'Mip Cellars, masana'antar giyar inabi ta farko a Arewacin Amurka mallakar 'yan asalin ƙasa. Ɗansu Justin Hall, wanda ya fara da ƙananan ayyukan masana'antar, shi ya zama babban mai haɗa giyar a 2021.

Na san mai karatu zai yamutsa fuska. Giya ba abin da yawancinmu ke kusanta ba ne, kuma ta yi wa 'yan asalin Kanada ɓarna mai yawa. Ni dai ƙasar ce ta ja hankalina.

Wannan ƙeƙasasshen daji yana cikin muhallan da suka fi fuskantar ƙarewa a Kanada, kuma gonakin inabi na daga cikin abubuwan da suka cinye shi. Mutanen Osoyoos ba su fita daga zargin ba. Sai dai sun ja layi: sun bar wani yanki ba a sa masa garma ba, suka gina cibiyar al'adu a gefensa a 2006. Katangarta ta daɓen ƙasa ce, tsawonta mita 80, sahu-sahu mai launin tudun da ke bayanta. Maginin Kano ko Damagaram da ya shafa ta zai gane 'yar gida. A nan masu bincike ke kama macizan nan masu kacau-kacau a wutsiya, su auna su, su sa musu alama, su sake su, don a san hanyar da suke bi daga ramukan hunturu zuwa wurin farauta. Inda hanyar ta ratsa masaukin baƙi, shinge aka kafa, ba a ɗauki sanda ba. Wannan ya burge ni ƙwarai.

A Janairun 2024 wani sanyi mai tsanani ya halaka kusan dukkan amfanin inabin kwarin. Asara ce babba ga kowa. Amma filin Osoyoos bai shiga kasuwa ba, don babu shugaban da ya isa ya sayar da shi shi kaɗai ba tare da yardar jama'arsa ba.