Hoto na tafiya, lasifika ta yi shiru

Ka haɗa fim a kwamfuta domin nuna wa jama'a, amma lasifika ba ta magana. Kada ka yi gaggawar sayen wata.

Da farko, duba waya. A babbar kwamfuta, koren rami shi ne na lasifika. Mai ruwan hoda na makirfo ne.

Sa'an nan ka kunna wata waƙa. In ta fito, lasifika lafiyarta lau. Matsalar tana cikin manhajar haɗa fim, domin irin su Premiere Pro suna da nasu wurin zaɓen mafitar sauti. Shiga can, ka zaɓi lasifikarka.

In ka jona majigi da wayar HDMI, sauti yakan bi ta wurinsa. Maido da shi ga lasifika.

Gwada komi tun kafin mutane su taru.