Kalandar Makarantu Ta Zama Kalandar Kasuwa A Amurka Da Turai

A Amurka da ƙasashen Turai, masu otal-otal da kamfanonin jiragen sama kan sa ido kan ranakun hutun bazara na makarantu tun shekara guda kafin lokacin. Hutun yana faɗowa ne tsakanin watan Maris da Afrilu, bayan sanyin hunturu ya sassauta. Bai wuce mako ɗaya zuwa biyu ba, amma shi ke yanke farashin ɗakin kwana da na tikitin jirgi a wannan lokaci.

Wahalar da ke cikin lamarin ita ce ranakun ba a tsaye suke ba. A Amurka kowace jami'a da kowace hukumar ilimi ta yanki ita ke tsayar da nata ranakun, kuma da yawa daga cikinsu suna jingina hutun da bikin Ista, wanda ke iya faɗowa ko'ina tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A shekarar 2024 an yi bikin ranar 31 ga Maris, a 2025 kuwa sai 20 ga Afrilu. Saboda haka mai otal ɗin da ya ɗauki ma'aikatan wucin gadi bisa lissafin bara yana iya zama da ɗakuna babu kowa har makonni uku, sannan baƙi su yi masa ca bayan ya sallami ma'aikatan.

Ita kuwa Faransa ta raba ƙasar shiyya uku, wato A da B da C. Kowace shiyya na samun hutun mako biyu, amma ana barin tazarar mako guda tsakanin wannan da waccan. Da haka cinikin da zai ƙare cikin mako biyu yakan miƙe har mako huɗu, cunkoso kuma ya ragu a hanyoyi da tashoshin jiragen ƙasa.

A Ingila tsadar tafiya a lokacin hutu ta sa wasu iyaye na cire 'ya'yansu daga aji domin su yi bulaguro sa'ad da farashi ke ƙasa. Daga watan Agustan 2024 tarar yin haka ta koma fam 80 ga kowane mahaifi a kan kowane yaro, kuma takan ninka zuwa fam 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba.

Dogaro da wannan kasuwa yana da nasa haɗarin. Garin Fort Lauderdale na Jihar Florida ya karɓi ɗalibai sama da 300,000 a hutun 1985, amma hayaniya da ɓarna suka sa hukumomi suka tsaurara dokoki, ɗaliban suka karkata zuwa Daytona Beach, masu shagunan da suka dogara da su suka yi asarar ciniki. Haka nan a 2024 birnin Miami Beach ya kafa dokar hana yawon dare, ya kuma ƙara kuɗin ajiye mota domin rage taron.

Ga 'yan kasuwar Nijeriya masu zuwa waɗannan ƙasashe saro kaya ko halartar baje koli, abin da ya fi dacewa shi ne duba kalandar makarantun garin da za su sauka kafin yankan tikiti, domin gusar da tafiya da mako guda kawai na iya rage kuɗin masauki da na jirgi.