Ƙoda ba ta kuka sai ta gaji

Ƙoda biyu Allah Ya ba ɗan Adam, kowace girmanta kamar dunƙulen hannu. A kullum suna tace ruwan jini kusan lita 180, su mayar wa jiki da mai amfani, dattin kuma ya fita ta fitsari. Su ne ke daidaita gishiri da ruwa a jiki, suna kuma taimakawa wajen samar da jini.

Abin tsoron shi ne ƙoda takan yi shekaru tana lalacewa mai ita bai ji komai ba. Kafin ƙafafu da fuska su kumbura, fitsari ya riƙa kumfa, kasala da tashin zuciya su shigo, sau da yawa ɓarna ta yi nisa.

Manyan masu kashe ƙoda biyu ne: hawan jini da ciwon suga. Da yawa daga cikinmu da zarar sun ji sauƙi sai su ajiye magani, alhali cutar na nan tana cin jijiyoyin ƙoda a hankali. Akwai kuma maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis ana sha kullum, da jiƙe-jiƙen gargajiya da ba a san abin da aka haɗa a ciki ba, da wasu mayukan bilicin. Manomi ko lebura da ke wuni cikin rana ba ya shan isasshen ruwa shi ma yana wahalar da ƙodarsa. A Gashuwa ta jihar Yobe cutar ƙoda ta yi yawa har ana binciken dalili.

Idan ƙoda ta daina aiki, sai wankin ƙoda, galibi sau uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu, ko kuma dashe, wanda Asibitin Malam Aminu Kano ya fara yi a 2002. Duka biyun kan cinye dukiyar gida, har a kai ga sayar da gona.

Gwajin fitsari da na jini kuwa kuɗinsu kaɗan ne. Mai hawan jini, mai suga, mai sikila, da wanda aka taɓa yin cutar ƙoda a gidansu, su yi gwajin aƙalla sau ɗaya a shekara. A rage gishiri da magi a miya, a daina shan maganin da likita bai rubuta ba. Idan aka gano cutar da wuri, ana iya rage mata gudu shekaru masu yawa.